Fita Uku a Shekara Ɗaya: Yadda Wani Gida a Sakkwato Ya Samu Ɗakin Hutu a Wajen Gari

## Asalin lamarin

Gidan da wannan nazari ya shafa yana cikin birnin Sakkwato, kuma mutum takwas ne ke kwana a cikinsa: maigida, wanda ma'aikacin gwamnati ne; uwargida, malamar firamare; 'ya'yansu biyar, babbar tana da shekara 16, autan yana da uku; sai mahaifiyar maigida, wadda kowa ke kira Inna, ta haura saba'in, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. An sakaya sunayensu da na masu wuraren da suka sauka.

Tun da aka kafa gidan, ba su taɓa yin tafiyar da ba ta biki ba ce, ko ta'aziyya, ko duba marar lafiya. A ƙarshen 2022 yaran suka fara nuna wa mahaifinsu hotunan ɗakunan katako da iyalai ke haya a cikin dazuzzukan Amurka da Kanada, inda ake kwana biyu ko uku a bakin tafki, a gasa nama da dare, a koma gida. Maigida ya yi musu alkawarin zai nemi makamancin haka a kusa. Abin da suka tsara tun farko bai da yawa: kwana uku a wajen gari, ɗaki mai ƙofa da rufi, wurin da yara za su yi gudu, kuma kada tafiyar ta rikiɗe ta zama ziyarar dangi.

## Zaɓen wuri: Janairu zuwa Maris 2023

Wurin da ya fara zuwa a ran maigida shi ne Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, domin a duk Arewa shi ne ya fi kama da abin da yaran suka gani. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma a sansanin Wikki akwai ɗakunan kwana tsittsaye kusa da maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke tsayawa a kusan digiri 31 dare da rana. Nisa ne ya hana. Daga Sakkwato zuwa can ya haura kilomita 800, tafiyar da ba ta yiwuwa ga tsohuwa mai ciwon gwiwa sai an yada zango, ga shi dole a bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda a lokacin matafiya ba su bi sai da fargaba. Madatsar ruwa ta Goronyo tana kusa, amma halin tsaro a gabashin jihar ya sa ba a ma daɗe ana maganarta ba. Argungu kuwa, mai nisan kusan kilomita 100, suka bar ta a matsayin wurin da za a je da safe a dawo da yamma wata rana.

Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira a watannin Janairu da Fabrairu ya sa aka ɗage maganar, sannan azumi ya kama a 23 ga Maris. Cikin azumin ne wani abokin aikin maigida ya turo masa hotunan wani masauki mai ƙananan ɗakuna daban-daban a gefen wani gari, tafiyar kusan awa biyu daga Sakkwato. A hoton akwai bishiyoyi, akwai fenti sabo, akwai kujeru a ƙofar kowane ɗaki. Maigida ya kira lambar, ya kama ɗaki biyu na kwana uku, ya tura rabin kuɗin. Babu wanda ya je ya ga wurin da idonsa.

## Fita ta farko: 24 zuwa 26 ga Afrilu 2023

An yi ƙaramar Sallah ranar Juma'a 21 ga Afrilu. Ranar Litinin 24 ga wata suka ɗauki shatar ƙaramar bas, suka isa bayan azahar, direban ya juya da alkawarin zai dawo ranar Alhamis.

Afrilu a ƙasar Sakkwato wata ne da zafin rana ke haura digiri 40 kusan kullum. Ɗakunan na bulo ne, rufin kwano, silin ɗin siriri ne kuma ya ɓalle a wasu wurare. Irin wannan gini yana shan zafi tun hantsi, bangon ya riƙe shi, sai dare ya yi ya fara amayar da shi cikin ɗaki, ta yadda ƙarfe goma na dare cikin ɗaki ya fi tsakar gida zafi. Wutar lantarki ba ta zo ba ko sau ɗaya. Masaukin yana tayar da janareta daga bayan magariba zuwa sha biyun dare, daga nan fanka ta tsaya. Ruwan tanki kuma, da yake tankin baƙi ne kuma a rana yake, ba ya taɓuwa sai bayan isha'i.

A gida, maganin irin wannan dare sananne ne: a yayyafa ruwa a tsakar gida, a shimfiɗa tabarma, kowa ya kwanta a waje. Maigida da 'ya'yansa maza biyu haka suka yi. Amma ɗakunan masaukin a jere suke cikin fili ɗaya, babu katanga ko zana tsakaninsu, kuma a ɗakunan da ke kallon nasu akwai baƙi maza da ke hira har tsakar dare. Uwargida da Inna da 'yan matan uku ba su ga yadda za su shimfiɗa tabarma a gaban mutane ba, sai suka kwana a ciki, ƙofa a rufe. Da rana ma haka suka wuni da hijabi ko mayafi duk lokacin da za su leƙa waje.

Washegari da la'asar Inna ta fara jiri, ƙafafunta suka yi nauyi. An ba ta ruwan gishiri da sukari, aka jiƙa zane aka lulluɓa mata, ta ɗan farfaɗo. Tun da ba su da mota a hannu, sai da aka kira direban bas aka ƙara masa kuɗi ya zo ranar Laraba da safe. Sun yi kwana biyu maimakon uku, kuma kuɗin daren da ba su kwana ba bai dawo ba.

## Fita ta biyu: 18 zuwa 20 ga Agusta 2023

Daga abin da ya faru, maigida ya fitar da dalilai biyu, wato zafi da idon baƙi, ya kuma nemi maganinsu kai tsaye. Ya jira damina ta sauka gari ya yi sanyi, ya roƙi wani amininsa aron gidan gonarsa da ke wani ƙauye kudu da birni, kimanin kilomita 45, inda babu kowa sai mai gadi. A gonar akwai ɗaki ɗaya na bulo da rumfa. Ya sayi tanti mai ɗaukar mutum huɗu domin shi da yara maza. A wannan karon da motarsa aka je, ƙaninsa ya bi su da tasa ya sauke sauran ya koma. Kuɗin mai ya riga ya zama abin lissafi, domin bayan cire tallafi a 29 ga Mayu litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500, kafin ƙarshen Yuli ta haura 600.

Agusta shi ne watan da ruwa ya fi sauka a wannan yanki. Kilomita huɗu na ƙarshe hanyar burji ce da ta ratsa wani kwari, kuma tun a zuwa motar ta kafe sau ɗaya, sai da samarin ƙauye suka tura. A daren farko aka yi ruwa da iska. Tantin bai yi yoyo daga sama ba, amma an kafa shi a gangare, ruwa ya bi ta ƙarƙashi ya jiƙa katifu, saboda haka mutum takwas suka ƙarasa daren a ɗaki guda. Gidan sauro biyu kawai aka zo da su, kuma bangon ba shi da ƙusar da za a ɗaura su yadda ya kamata. Gero ya yi tsawo har bakin rumfa, ciyawa ta rufe hanyar makewayi, mai gadi kuma ya yi kashedin cewa an kashe kububuwa a wurin makon da ya wuce. Daga jin haka aka hana yara nisa da rumfa, wato an hana su abin da aka zo dominsa.

Akwai wani al'amari da bai fito fili a fita ta farko ba, saboda a can abinci ake saya. A gona babu mai sayar da komai. Uwargida ta zo da shinkafa da taliya da kayan miya, aka ce akwai itace, sai aka tarar itacen ya jiƙe. Ita da babbar 'yarta suka wuni a bakin murhu suna fifita, daga karin kumallo zuwa abincin rana zuwa na dare, ga wanke-wanke da ruwan da ake ɗebowa daga rijiya mai nisan taku ɗari da wani abu. A dare na biyu, bayan yara sun yi barci, ta gaya wa mijinta maganar da ya ce har yau yana jin ta a kunnensa: "Malam, wanga hutu naku na. Ni dai murhu nis sauya, kuma na gida ya hi wanga."

Sun dawo ranar Lahadi kamar yadda aka tsara. Kwana goma sha ɗaya bayan haka yarinyar mai shekara bakwai ta kwanta da zazzaɓi, gwaji ya nuna cizon sauro ne, ta sha maganin kwana uku ta warke. Tazarar ta dace da lokacin da ƙwayar cutar ke ɗauka kafin ta bayyana, ko da yake a watan Agusta sauron cikin birni ma ya isa ya kwantar da yaro. Autan, wanda ke karɓar maganin rigakafin da ake rabawa yara 'yan ƙasa da shekara biyar gida-gida kowane wata na damina, bai yi ciwo ba.

## Sake shiri: Oktoba zuwa Disamba 2023

Wata biyu ba wanda ya sake tayar da zancen. Uwargida ce ta dawo da shi a Oktoba, da sharaɗin cewa ita za ta faɗi abin da za a duba, kuma ba za a biya ko sisi ba sai ta ga wurin.

Wani ƙanin mahaifinta, wanda suke kira Baffa, yana da lambu a fadamar Rima ta wajen Wamakko, ƙasa da kilomita 30 daga gidansu, inda yake noman albasa da tumatir da attarugu da rani. A tudun da ke gefen lambun akwai tsofaffin ɗakunan ƙasa biyu masu rufin azara, ɗaya ana ajiye taki da injin ban ruwa, ɗaya ma'aikata ke fakewa. Da damina wurin ba ya shiguwa, kuma duk wanda ya ga ambaliyar Satumbar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya san abin da Rima ke iya yi wa fadamarta. Amma daga Nuwamba ƙasa ta bushe, hanya ta buɗe.

Sun je duba wurin sau biyu, su biyu kawai. Zuwan farko da tsakar rana ne, domin a ji yadda cikin ɗakin yake a lokacin da rana ta fi ƙarfi. Bangon ƙasa mai kauri da rufin azara sun sa ɗakin da sanyi kamar an ajiye randa. Zuwa na biyu da yamma ne, suka zauna har magariba, domin a ga yawan sauro, a ji ko waya tana samun layi, a kuma ga su waye ke wucewa ta wurin idan duhu ya fara. A wannan zuwan Baffa ya kai maigida wurin mai unguwa aka gaisa, aka faɗa masa ranakun da za su zo da adadinsu, shi kuma ya ba da tabbacin cewa yankin lafiya lau yake, ya haɗa su da shugaban 'yan sintirin ƙauyen. An kuma auna tafiya daga lambun zuwa asibitin da ya fi kusa: minti ashirin da mota.

Gyaran ya ɗauki mako uku. An kwashe taki, aka bar ɗakin a buɗe ya sha iska, aka yi yaɓe a inda bango ya tsage, aka toshe ramukan ɓera da na kunama, aka yi daɓe sabo. An sa raga a tagogi, an kafa ƙusoshi huɗu-huɗu a kan kowace shimfiɗa. Abin da ya fi cin kuɗi, kuma uwargida ta ƙi sassautawa a kansa, shi ne zana: an kewaye ɗakunan biyu da fili mai faɗin taku goma sha biyar da zana mai tsawon da ya wuce kan mutum, aka bar ƙofa ɗaya, aka yi makewayi a ciki ta kusurwar da iska ba ta kaɗowa. Saboda gwiwar Inna aka sayo kujerar bayan gida ta roba, aka kuma kawo mata gado maimakon katifar ƙasa. An share ciyawa taku goma daga zanar ta kowane ɓangare.

Ruwa an yi masa lissafi a takarda. Ma'aunin da masu aikin agaji ke amfani da shi a sansanoni shi ne aƙalla lita 15 ga mutum ɗaya a rana. Su suka ɗauki lita 20 saboda alwala da wankan yara. Da ƙanwar uwargida da aka gayyata sun zama tara, wato lita 180 a rana, jarka takwas ke nan mai lita 25 har da 'yar rara. Injin ban ruwa zai cika su kowace safiya daga rijiyar bututun lambun, na wanka da wanki. Na sha kuwa daga gari aka zo da shi, jaka takwas ta fiya wata, kowace lita goma.

Sai girki. An yi magana da wata dattijuwa a ƙauyen da ke dafa wa ma'aikatan lambu abinci, aka yi jinga da ita ta yi na rana da na dare. Uwargida ta soya miya da nama tun a gida, aka ɗauki ƙaramar tukunyar gas domin shayi da ruwan wankan Inna, aka raba wanke-wanke tsakanin yara uku manya, har da namiji.

## Fita ta uku: 27 zuwa 30 ga Disamba 2023

Saboda kusancin wurin, maigida ya yi sawu biyu da motarsa ranar Laraba, kaya da yara maza tukuna, sannan mata, kuma kafin azahar kowa ya sauka. Motar ta kwana a wurin.

Hunturu ya kankama, rana ba ta da zafi sosai, dare kuma sanyin fadama ya fi na cikin gari nesa ba kusa ba. A daren farko ne aka samu saɓani guda. Inna ta nemi a shigar mata da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa, kamar yadda ta saba a ƙuruciyarta. Ɗanta ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, a bar shi waje," ya bayyana mata cewa gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci, kamar dai hayaƙin janareta. Ba ta gamsu ba sai da aka yi sulhu: a ji ɗumi a tsakar zana har a yi isha'i, a zuba ruwan zafi a gora a naɗe da zane a sa mata a ƙafa, a ƙara bargo. Da safe ta ce bargon bai isa ba, maigida ya koma gari ya ɗauko biyu, ya dawo cikin awa ɗaya da rabi.

Yaran sun wuni cikin lambu, sun koyi yadda ake buɗe wa fangali ruwa da toshe shi, sun tsinki tumatir, sun bi Baffa kallon masunta. An kafa musu doka biyu: ba a shiga ruwan da ke kwance a kududdufi ko bakin gulbi, saboda tsargiya, kuma ba a sa takalmi da safe sai an kakkaɓe shi. Sauro ya ragu ƙwarai idan aka kwatanta da Agusta, amma fadama ba ta rabuwa da shi, don haka kowa a gidan sauro ya kwana. Fitilun sola biyu da tocila uku sun wadatar, ba a nemi janareta ba. Ranar Juma'a maza suka tafi masallacin Juma'a na garin da ke kusa, matan suka shimfiɗa tabarma a cikin zana, ba mayafi ba hijabi, ƙanwar uwargida ta yi wa kowa kitso da lalle. Uwargida ta ce a ranar ta yi barcin rana na farko cikin shekaru da ba wanda ya tashe ta neman abinci.

Ba komai ya tafi daidai ba. Ƙura ta tayar wa ɗaya daga cikin yaran tari, leɓunan kowa suka tsage duk da man kaɗanya, kuma jakunkunan ruwan sha sun ƙare da yammacin Juma'a, sai da aka sayo ƙari. Sun cika kwana ukun, suka dawo ranar Asabar da hantsi. Babu wanda ya kwanta ciwo a makonnin da suka biyo baya.

## Abin da nazarin ya nuna

A ganin mai wannan rubutu, kuskuren fita ta farko ba na masaukin ba ne kaɗai. Wurin da aka kama daga hoto, a watan da ya fi kowane zafi, ba tare da mota a hannu ba, ko da ya fi haka kyau da wuya ya yi wa mai shekara saba'in daɗi. Fita ta biyu ta gyara abubuwa biyun da maigida ya gani, ta jawo wasu huɗu da bai hango ba, domin shi kaɗai ya yi lissafin, kuma ya yi shi ne daga inda yake kwana da inda yake zama, ba daga murhu ko makewayi ba.

Ɗakunan katakon da yaran suka gani an yi su ne domin ƙasar da matsalarta sanyi ce, da kuma iyalin da ba ya damuwa da idon maƙwabci. A Sakkwato lokacin da irin wannan fita ke yiwuwa cikin sauƙi gajere ne, daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, kuma ginin da ya dace da ita tsohon ɗakin ƙasa ne da kakanni suka sani. Zanar da aka kewaya ita ta mayar da fili ya zama gida ga mata shida cikin mutum tara, jingar girki kuma ita ta sa uwargida ta shiga cikin masu hutun. Kusanci ya rage kuɗin mai, ya kuma sa kowane ƙaramin kuskure, kamar na bargo da na ruwan sha, ya zama abin gyarawa cikin awa biyu. Dole a faɗi cewa gidan ya yi sa'ar samun ɗan'uwa mai lambu. Wanda ba shi da irin wannan zai biya haya, kuma zai fi buƙatar zuwa dubawa da gaisuwar mai unguwa fiye da yadda su suka buƙata.

Kuɗin gyaran ɗakuna da zana ya ɗan haura abin da suka kashe a masaukin Afrilu, sai dai ɗakunan suna nan. Zanar kam damina ɗaya ta cinye ta, rufin azara kuma yana son yaɓe kafin kowane ruwan farko. Baffa ya mayar da takinsa ɗaki ɗaya a watan Fabrairu, kuma har lokacin da aka tattara wannan bayani shi da maigida ba su gama daidaita wanda zai riƙa ɗaukar nauyin yaɓen ba.